Tulun Kaka Octave

"Ba haka ake yi ba! Daga nan ina jin yadda kike wulaƙanta shi. Murza shi a kan tebur tukuna ya yi laushi, sannan ki yanka."

Solange ta dubi lemon tsamin da ke hannunta, ta dubi ƙofar falo inda muryar ta fito, ta ja tsaki. Mutumin da cokali ma ya fi ƙarfinsa yanzu, amma bakin nan nasa ko gezau.

"In ka fi ni iyawa, taso ka yi."

"Da zan iya tasowa, kina ganin zan bar 'yar manoma ta taɓa mini kayan aiki?"

Ta murza lemon da tafin hannu, da ƙarfin da ya wuce bukata, ta yanka, ta matse. Ya riga ya sa an jera mata komai a kan teburin kicin kamar kayan likita: kwalbar konyak, wato barasar inabi mai ƙarfi, kwalbar barasar ɓawon lemu mai zaƙi, ɗan ma'auni, sukari a faranti, da gwangwanin azurfar nan da ake girgiza haɗin a ciki, wanda gefensa duk ya lotsa don tsufa. Konyak awo biyu, barasar lemu awo ɗaya, ruwan lemon tsami awo ɗaya. Ta sha ganin yana yi har ta haddace ba da son ranta ba.

Lucien Vasseur ke nan, maƙwabcinta, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ya yi rayuwarsa a tsaye a bayan teburin mashayar wani otal a Paris, yana haɗa wa manya abin sha. Da ya yi ritaya sai ya ce bari ya koma inda ake yin konyak ɗin da ya ci abinci da shi, ya sayi ɗan gida a ƙauyenmu na bayan Jarnac, yana tsammanin za a tarbe shi hannu bibbiyu. Bai san mu ba. A nan, wanda duk ya zuba ƙanƙara da lemon tsami a konyak, kallon da ake yi masa shi ne na wanda ya shiga coci da kare. Shi kuwa ko a jikinsa. Kowace Juma'a da yamma sai ya fito da gwangwaninsa ya haɗa abin da yake kira Side-car, ya ƙwala wa Solange kira ta saman katanga. Ita kuma ta zo da ɗan kofinta da nata konyak ɗin, zalla ba gami, ta zauna tana kushe nasa yana kushe nata har rana ta faɗi. Sama da shekara goma suna haka, ko sau ɗaya ba ta taɓa kai kofinsa bakinta ba.

Yanzu ciwon daji ya cinye shi. Asibiti sun sallamo shi gida, kowa kuma ya san ma'anar irin wannan sallamar. An kafa masa gado a falo kusa da taga, 'yarsa Maryse ta baro aikinta a Lille ta dawo jinya. Da Juma'a ta zagayo sai ya ce shi fa ba za ta wuce shi haka kawai ba, ko da hannun wani zai ara.

"Kofin yana firiza?"

"Yana ciki."

"Kada ki fito da shi sai kin gama. Rabin baki za ki sa wa sukari, rabi ki bari. Ki girgiza har sanyin gwangwanin ya fara cizon hannunki."

Ta girgiza, ƙanƙara na ta ƙara kamar an zuba tsakuwa a bokiti. Ta tace a kofi, ta kai masa, ta tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya. Ƙeyar ba nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Lemon ya yi yawa."

"Awo ɗaya ka ce."

"Awonku na ƙauye ai da gyara yake zuwa." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya nuna mata kujera da ido. "Zauna, Madam Solange. Roƙo zan yi."

In ya kira ta Madam, to akwai magana. Ta zauna a bakin kujerar.

"Tulun Kaka Octave. Awo biyu kawai nake so. Na haɗa abin nan da konyak iri-iri, masu suna da marasa suna, amma ban taɓa haɗa shi da wanda ya girme ni ba. Ina so in ji."



Duk ƙauyen sun san tulun, ko da yake kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Ƙaton tulun gilashi ne mai rigar saƙar kara, yana can ƙuryar ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Guérinaud, wato gidan su Solange, an toshe bakinsa an liƙe da kaki. Abin da ke ciki kakanta Octave ne ya dafa da hannunsa tun mahaifinta yana goye. Ya bar doka ɗaya a kansa, ba a kuma taɓa karya ta ba: ba a fasa kakin nan don biki, ba a fasa shi don haihuwa ko baƙo. Sai ranar da aka dawo daga binne wani na gidan. A ranar ake zuba wa kowa kaɗan, a sha a tsaye, zalla, ba mai magana, sannan a sake liƙewa. Solange ta sha don mahaifinta, ta sha don mahaifiyarta, ta sha don ƙaninta. Na ƙarshe shi ne na mijinta Émilien, shekara guda kafin Lucien ya zo garin. Labarin kawai ya tarar, kuma tun daga ranar yake mata nacin tulun cikin wasa. Yau babu wasa a muryarsa.

"Ka san ba a buɗe shi," ta ce.

"Ana buɗewa mana. Jira kawai ake yi mutum ya mutu. Wace irin karramawa ce wannan, a shayar da gari duka don mutum, shi kaɗai ne ba zai ɗanɗana ba?"

"Kuma a cikin lemon tsami! Kaka zai tashi daga kabari."

"Ya tashi mana, in haɗa masa shi ma. Wataƙila ya fi jikarsa buɗaɗɗen kai."

"Lucien, ka bar maganar nan."

"Solange, dube ni da kyau. Ba wata Juma'a mai yawa da ta rage mini."

Ba ta dube shi ba. Abin da ke ranta ba ta iya faɗinsa ba, domin mutanenmu sun gwammace su yi rashin kunya da su ce suna tsoro. Tun ranar da motar asibiti ta sauke shi ta yanke a zuciyarta cewa za ta fasa kakin nan dominsa, ko dangi sun so ko sun ƙi. Amma bayan, ba kafin ba. A wajenta ƙarar fasa kakin da ƙarar zuba ƙasa a kan akwati abu ɗaya ne, tun tana yarinya tare take jin su. In ta sauka ɗakin ƙasa da wuƙa alhali yana numfashi, ai ta kira masu haƙa kabari da bakinta ke nan. Maimakon ta faɗi haka, sai ta miƙe tana gyara rigar sanyinta, ta faɗi abin da ya fi saurin zuwa bakinta.

"Wa ma ya ce maka za a buɗe don kai? Na 'yan gida ne. Kai ɗan gidan ne?"

Maryse da ke tsaye a bakin ƙofa da tawul a hannu ta sunkuyar da kai. Lucien, wanda bai taɓa rasa amsa ba tun da aka san shi, ya juya fuskarsa wajen taga, inda hayaƙin tukwanen dafa konyak ke tashi daga gidajen ƙasan kwari, don lokacin dafuwa ne.

"Gaskiyarki," ya ce a hankali. "Na manta. Sai da safe, Madam Guérinaud."

Bai taɓa kiran ta da wannan sunan ba sai makon farko da ya tare. Ta fita ba ta ko ɗauki ɗan kofinta ba.

Kwanakin da suka biyo ta yi su tana faɗa da kayan gidanta. Ta wanke tagogin da ba su yi datti ba, ta kori kajinta daga inda ba su yi laifin komai ba. Ta dafa miyar kabewa ta miƙa wa Maryse ta saman katanga, ta ƙi shiga. Ran Laraba Maryse ce ta zagayo da kwanon, ta tsaya a kicin ɗin Solange ba ta cire kot ba.

"Likita ya zo jiya. Ya ce yanzu lissafin kwanaki ne, ba makonni ba."

"Likitoci ai ba Allah ba ne."

"Madam Solange, ni ban san al'adunku ba, ba kuma zan ce ki karya ba. Amma Papa ya daina tsokanar nas. Jiya ta kawo masa shayi mai ɗumi-ɗumi, ya sha bai ce komai ba. Kin san shi. Ni dai ki zo ko zaginsa ne ki yi."

Bayan ta tafi Solange ta ɗauki makulli ta sauka ɗakin ƙasa. Ta tsaya gaban tulun, ta share ƙurar da ke kafaɗarsa da hannun riga, ta ɗora babban yatsa a kan kakin. Hannun ya ƙi. Nan ne wata dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in yana son ya ba da abu kuma ya riƙe shi. A kan katakon gefe akwai sauran kwalaben da Émilien ya dafa shekarun baya, konyak mai kyau, wanda ba a jin kunyar ba kowa. Ta samo wata tsohuwar ƙaramar kwalba marar takarda, ta juye a ciki. Har ƙura ta shafa mata a jiki, don ƙaryar ta zauna.

Da yamma ta shiga gidansa ba sallama, ta dangwarar da kwalbar a kan ɗan teburin magunguna.

"Ga shi nan. Kada ka ƙara damuna."

Ya ƙara ramewa cikin 'yan kwanakin nan, hancinsa ya fito, idanun sun faɗa. Ya dubi kwalbar, ya dube ta.

"Buɗe in ji."

Ta cire toshiyar ta kai masa hanci. Ya lumshe ido, ya shaƙa, ya dakata, ya sake shaƙa ta ɗaya hancin. Ya daɗe har ta fara jin zufa a bayanta.

"To me kike jira? Je ki haɗa. Wannan karon ki rage hannu a lemon."

Ta tafi kicin da sauri kamar wadda aka sallama daga kotu. Ta auna, ta girgiza, ta tace, ta kawo. Ya kurɓa sau ɗaya, ya kurɓa na biyu, abin da bai yi ba ran Juma'a. Ya mayar da kai kan matashi.

"Ya yi daidai. Kin koya." Ya ɗan huta. "Mijinki ya iya aikinsa, Solange. Ban san shi ba, amma hannunsa mai tsabta ne. Wannan zai kai shekara ashirin da wani abu."

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunne. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya, ta tsaya riƙe da kofi kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Har da ƙura kika shafa masa," ya ce, bakinsa na rawa don dariya. "Kai, mutanen ƙauye!"

"To ka sani, me ya sa ka bar ni na wahala?"

"Ina son jin ƙarar gwangwanin. Zauna, don Allah, tsayuwarki na gajiyar da ni."

Ta zauna. Maryse ta ja ƙofar kicin a hankali ta ba su wuri.

"Maganar da na faɗa ran Juma'a," Solange ta fara, ta kasa ƙarasawa.

"Ta yi zafi. Na kwana biyu ina juya ta. Daga baya na ce, matar da ta haƙa mini ramin tumatir da hannunta, wadda ta yi gaba da mai gidan burodi wata guda don ya kira ni baƙo, ba ita ce za ta faɗi wannan da gaske ba. Tsoro kike ji."

Ta sunkuyar da kai tana kallon kofin.

"Ni ma ina ji, in kina son sani. Da asuba ya fi tsanani. Amma ki saurare ni, tsohuwa. Ba tulun kakanki ne zai kira mutuwa ba. Ta riga ta shigo, tana nan zaune tare da mu, ta ma fi ki zuwa a kan lokaci. Ki buɗe ko kada ki buɗe, ba ruwanta."

"Ba ka san yadda abin yake ba. Duk lokacin da na ji ƙamshin nan, da baƙaƙen kaya a jikina."

"To ki ji shi sau ɗaya da wannan mummunar rigar sanyin taki, kina zagina. Ba zai fi ba?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba, hawaye suka biyo dariyar, ta share da bayan hannu cikin fushi. Ta san ya yi gaskiya. Da ta tashi a lokacin, matakala kaɗan ne tsakaninta da tulun, da labarin nan bai zama abin bayarwa ba. Amma tsoro bai cika sakin mutum gaba ɗaya ba, sai ya nemi a yi ciniki.

"Lahadi," ta ce. "Bayan coci. Zan kawo, na rantse."

Ya dube ta ta wutsiyar ido. Ya gane abin da take yi sarai: ta ɗaure shi da alkawari ne, tana ganin mutum mai son abu irin Lucien ba zai tafi ya bar kofi a gaba ba.

"Lahadi ta yi nisa, Solange."

"Ba ta yi ba. Ka jira. Ai kai ne kullum kake cewa abin kirki ba a gaggawarsa."

"Ni na faɗa? To bakina ya cuce ni." Ya lumshe ido. "Shi ke nan, Lahadi. Ki sayo lemon sabo, wannan ya fara bushewa. Kuma ke ma za ki sha."

"Allah ya kiyaye."

"Za ki sha."

Ta koma gida ranar zuciyarta wasai, har ta yi wa kajin magana mai daɗi. Washegari ta shiga mota zuwa kasuwar Jarnac, ta tsaya tana zaɓen lemon ɗaya-ɗaya tana shinshinawa har mai sayarwa ya tambaye ta ko surukai za ta tarba. Ran Juma'a ta leƙa, ta tarar yana barci, bakinsa a buɗe. Maryse ta ce tun safe haka yake, an ƙara masa maganin ciwo. Solange ta ce barci ai magani ne, ta gyara masa bargo ta fita. Ta ga yadda farcensa ya canza launi, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran Asabar da safe tana shanya a bayan gida ta ji Maryse na kiran ta ta saman katanga. Ba da ƙarfi ta kira ba, shi ya sa Solange ta saki zanen gadon ya faɗi a ƙasa.

"Nas ta tafi yanzu. Ta ce numfashin ya canza. Ta ce in akwai wanda za a kira, a kira."

Solange ba ta shiga gidansa ba. Ɗakin ƙasa ta nufa, da wuƙar kicin a hannu, tana sauka tana dafa bango. Kakin da ya gagare ta ran Laraba, bugu ɗaya ya tarwatse. Ƙamshin ya taso ya cika wurin, na tsohon itace da busasshen 'ya'yan itace da wani abu kamar ƙasa bayan ruwan sama, ya kawo mata fuskokin duk waɗanda ta binne. Ba ta tsaya musu ba. Ta zura dogon bututun gilashi ta ɗebo a kofin shayi, ta rufe da tafin hannu, ta hau. Ta cusa lemon biyu a aljihu, ta zagaya ta titi da silifas.

A falo Maryse na zaune a bakin gado riƙe da hannunsa. Numfashinsa na fita da ƙara, ya tsaya, ya dawo. Idonsa a rufe rabi.

"Lucien! Na kawo. Na Kaka ne, na gaske. Ka ji ni, ɗan birni? Na fasa."

Fatar idonsa ta motsa. Maryse ta ce, "Ba ya iya haɗiya, Madam Solange. Amma nas ta bar wannan." Ta nuna ɗan tsinke mai soso a kai, wanda ake jiƙa wa marar lafiya leɓe da shi. "Ki tsoma kawai ki shafa masa."

Nan Solange ta yi kuskuren da har yau take juyawa. Ta dubi kofin shayin, ta dubi soson. Konyak zalla a soso, ai ba shi ya roƙa ba. Wannan shan namu ne, shan 'yan ƙauye, shan ranar binnewa. Mutumin nan haɗinsa ya roƙa. Ta riga ta yi masa ƙarya sau ɗaya, ta ja masa rai sau ɗaya, ba za ta zo a ƙarshe ta ba shi rabin abu ba.

"A'a. Yadda yake so za a yi. Yanzun nan."

Ta shige kicin. Babu kofi a firiza, ba wanda ya yi tunanin sa shi. Ta cika kofin da ƙanƙara da ruwa ta ajiye ya yi sanyi, kamar yadda ta taɓa ganin ya yi. Ta murza lemon a kan tebur, ta yanka, ta matse, 'ya'yan suka faɗa ciki, ta tsaya tana tsince su da cokali. Ta auna na Kaka awo biyu, ko ɗigo ba ta bari ya zube ba. Barasar lemu awo ɗaya. Lemon awo ɗaya, ta rage kaɗan.

"Madam Solange," Maryse ta kira daga falo.

"Ina zuwa! Saura kaɗan."

Ta zuba ƙanƙara, ta rufe gwangwanin, ta ɗaga shi saitin kafaɗa ta girgiza da duk ƙarfin da ya rage mata. Da gangan ta yi da ƙarfi, don ƙarar ta ratsa bango ta same shi. Ta girgiza har yatsunta suka mutu da sanyi. Ta zubar da ruwan kofin, ta goge bakinsa da ɓawon lemon, ta juya rabinsa a sukari. Ta tace. Launin ya fito kamar zuma da aka ɗaga wa rana, da 'yar kumfa a sama. Ba ta taɓa yin abu mai kyau haka da hannunta ba, kuma ta sani.

Ta ɗauko da hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zube. Sai da ta kai tsakiyar falon ta lura ba ƙarar komai.

Maryse na nan inda ta bar ta, sai dai ta ɗora hannun mahaifinta a kan ƙirjinsa, ta rufe masa ido. Fuskarsa na kallon ƙofar kicin.

"Da kika fara girgizawa ya juyo da kansa," Maryse ta ce, muryarta a daidai, kamar mai ba da labarin wani. "Tun jiya bai motsa ba, sai lokacin. Ya buɗe ido sosai. Yana ta kallon ƙofar."

"Kin kira ni."

"Na kira ki."

"Na ce saura kaɗan."

Maryse ba ta yi mata ƙaryar cewa ba komai ba. Ta miƙe ta buɗe taga, ta jawo ƙyamaren katako na waje ta rufe ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi a gidan da aka yi rashi, falon ya yi duhu sai siraran layukan haske a ƙasa.

Solange ta nemi inda za ta ajiye kofin ta rasa. Teburin cike yake da magunguna, kuma ba ta ga ya dace ta mayar da shi kicin ba. Baƙin ciki ya taso mata, da haushin kanta wanda ya fi baƙin cikin ciwo. Tana so ta ce masa wani abu mai zafi, irin wanda zai sa ya buɗe ido ya rama, amma ba abin da ya zo. Sai ta zauna a ƙarshen gadon, kusa da ɗan tudun da ƙafafunsa suka yi a ƙarƙashin bargo, kofin na hannunta.

A waje motar mai burodi ta tsaya a ƙofar gida, ta yi hon sau biyu kamar kowace safiya, ta ɗan jira. Ba wanda ya fita. Raɓar jikin kofin ta fara narkewa, tana gangarowa ta tsakanin yatsun Solange tana ɗiga a kan siket ɗinta, har motar ta gaji ta wuce gida na gaba.